Injin goge faifan CD yana aiki, amma ba kowane faifai ya cancanci a kai masa ba

Yawancin masu bibiyar wannan shafi a waya suke kallon komai, da yawansu ma sun manta rabonsu da riƙe faifan CD. Amma a gidajen da suka taso, da wuya a rasa wata jaka ko kwali a saman wadirob, ko tsohuwar akwati a ƙarƙashin gado, maƙare da fayafayai: fina-finan Hausa da na Indiya, wa'azi, waƙoƙi, gem ɗin PlayStation. A cikin tarin nan akan samu guda ɗaya ko biyu da ba su da hoto a baya, sai rubutun maka: bikin wance, sunan wane, walimar saukar Alƙur'ani.

Waɗannan su ne abin damuwa. Fim ɗin da aka buga dubbai aka baza a Ƙofar Wambai, akwai yiwuwar wani ya riga ya ɗora shi a YouTube. Bidiyon bikin iyaye kuwa, mai ɗaukar hoton ya daɗe da ɗora wani bikin a kan kaset ɗin da ya yi amfani da shi, wataƙila shagon nasa ma ya koma na sayar da caja da kondon waya. Faifan nan shi kaɗai ya rage, kuma a cikinsa akwai fuskoki da muryoyin mutanen da wasunsu Allah Ya yi musu rasuwa. Ranar da aka tuna da shi aka saka a DVD, sai hoto ya riƙa farfashewa, murya ta maƙale, ko kuma na'urar ta yi ta juyi ta ce babu faifai. A duba ƙasansa, duk ya karce.

Akwai injin da aka ƙera musamman don irin wannan faifai. Yana kankare saman robar da ta karce, ya goge ta har ta koma tana ƙyalli kamar sabuwa. Bidiyoyin aikinsa suna da daɗin kallo, shi ya sa suke yawo a TikTok da YouTube. Kuma ba siddabaru ba ne, injin yana aiki da gaske. Sai dai abin da bidiyoyin ba sa faɗa shi ne, kowace guga tana cin jikin faifan, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Don haka injin nan ƙofar ƙarshe ce: a shiga ta bayan an gwada sauran, a shiga sau ɗaya, kuma a fito da kwafi a hannu. Wanda ya goge faifai ya mayar da shi jaka yana murna ya yi ƙyalli, ya kashe kuɗinsa a banza.

Faifan CD madubi ne

Kafin a gane abin da injin yake iyawa da abin da ba ya iyawa, dole a san yadda faifan yake. Kamfanonin Philips da Sony ne suka haɗa hannu suka fito da CD, ya shiga kasuwa a Japan a 1982. Faɗinsa santimita 12, kaurinsa milimita 1.2, kuma kusan duk wannan kauri wata roba ce mai haske da ake kira polikabonet. Mutane da yawa suna zaton bayanan suna kwance ne a fuskar da take ƙyalli, wadda ake kifawa ƙasa. Ba a nan suke ba. Suna can sama, dab da ɓangaren da aka buga hoto da suna. A nan aka jera wasu ƙananan ramuka a kan layi ɗaya tak da ya naɗe kamar faifan kaba, ya faro daga tsakiya ya nufi baki, wanda in da za a miƙe shi zai haura kilomita biyar. A kan ramukan aka shafa alminiyam mai sirantaka ƙwarai, aka rufe da ɗan fenti, aka buga hoto.

Kamar madubin ɗaki ke nan. Gilashi ne a gaba, abin da yake mayar da hoto kuma yana manne a baya. Idan gaban gilashin ya karce, fuska za ta fito a dishe, amma madubin yana nan, in an goge gilashin zai dawo. Idan bayan aka kankare, sai dai a hango bango ta wurin. Babu gugar da za ta dawo da shi.

Hasken leza da ke fitowa daga idon na'ura yana ratsa robar ne ya daki alminiyam ya dawo. Lokacin da yake shiga robar yana da faɗi, kusan milimita ɗaya, sai ya tsuke ya zama ɗigo a daidai inda ramukan suke. Wannan ne ya sa ƙananan karce da ɗan ƙura ba sa hana faifai aiki: hasken ya fi su faɗi a wurin, yana bi ta gefensu. Matsala tana farawa ne idan karcen ya yi zurfi ko faɗi har ya karkatar da hasken, ko ya sa idon ya ɓata layin da yake bi.

Masu ƙirar sun san faifai zai karce, don haka ba su jera bayanan ɗaya bayan ɗaya ba. Sun warwatsa su, suka haɗa da wani lissafi na gano kuskure da gyara shi, ta yadda ko an rasa kusan milimita biyu da rabi na tsawon layin, na'ura za ta iya lissafo abin da ya ɓata daidai. A nan ne alkiblar karce take da muhimmanci fiye da muninsa. Karcen da ya taso daga tsakiya ya nufi baki yana tsallaka layuka da yawa, amma kaɗan yake taɓawa a kowanne, lissafin yana cike gurbin. Karcen da ya bi da'irar faifan kuwa yana kwanciya ne a kan layi ɗaya ya rufe shi mai tsawo, har ya fi ƙarfin lissafin.

To, a tuna yadda kowa yake goge faifai: a hura masa iska da baki, a ɗora a kan riga, a murza shi a zagaye. Rigar kuma ta sha ƙurar hunturu. Shekaru aka yi ana yi wa fayafayai mafi munin karcen da za a iya yi musu da sunan tsaftacewa. Gugar da ta dace daga tsakiya ce zuwa baki, a miƙe, da ƙyalle mai laushi.

Wani abin lura kuma, jadawalin da ke gaya wa na'ura abin da ke cikin faifan yana can ciki ne kusa da ramin tsakiya. Ɗan karce a wurin zai iya sa na'ura ta ce babu faifai gaba ɗaya, alhali sauran bidiyon lafiya lau yake. Irin wannan faifai shi ne wanda mutane suka fi saurin yarwa, kuma shi ne wanda ya fi sauƙin cetowa.

Abin da injin yake yi

Injin ba ya cike karce. Yana sauke duk fuskar faifan ne har ta zo daidai da gindin karcen, kamar yadda kafinta yake bin katako da samfefa har ya lallashe. Yana farawa da soso mai kaushi ya ci robar, ya koma mai ɗan laushi ya share sawun na farko, haka har ya zo kan na ƙarshe da ake haɗawa da man guga, wanda yake mayar da hasken robar. Manyan injuna suna zuba ruwa yayin aikin don kada zafi ya lanƙwasa faifan.

Suna hawa-hawa. Akwai ƙaramin SkipDr da ake juyawa da hannu, wanda yake barin sawu a fuskar faifai kamar hasken rana a zanen yara, amma sawun daga tsakiya zuwa baki yake, don haka na'ura takan karanta. Akwai JFJ Easy Pro mai amfani da lantarki, na masu ƙaramin shago da masu tara fayafayai a gida. Sannan akwai manya irin jerin Eco na kamfanin ELM na Japan, masu kuɗi har dubban daloli. Asalin kasuwar waɗannan injuna ita ce ɗakunan karatu na gwamnati a Amurka da Turai masu ba da aron fina-finai, da shagunan haya, da masu sayar da gem na hannu. A can faifai ɗaya yana bin hannaye da yawa, kuma goge shi ya fi sayen sabo araha.

Inda injin ya fi nuna kansa shi ne a karcen zagaye mai zurfi a fuskar ƙasa. Masu Xbox 360 sun san shi: a motsa na'urar tana cikin juya faifai, sai ta zana masa zobe cif, gem ya daina tashi. Bayanan suna nan ba abin da ya taɓa su, tagar ce kawai ta lalace. Mintuna kaɗan a inji mai kyau, faifan ya dawo. Duk wanda ya ce guga yaudara ce bai ga irin wannan ba.

Amma akwai farashi bayan kuɗin da aka biya. Idon na'ura an saita shi ne a kan cewa haske zai ratsa roba mai kauri milimita 1.2, kuma rangwamen da ƙa'idar CD ta bayar a ɓangaren sirantaka kashi ɗaya ne cikin goma na milimita, wato wajen kaurin gashin kai. Karcen da farce yake maƙalewa a cikinsa yana buƙatar a ci roba mai yawa kafin a kai gindinsa. A yi sau ɗaya, a yi sau biyu, wata rana faifan zai fito tas ba ko ɗigon karce, na'ura kuma ta ƙi karanta shi, don ta kasa tsuke haskenta a inda ya kamata. Sannan in injin mai araha ne, ko soson ya tsufa, ko mai aikin yana gaggawa, gugar ba za ta tafi daidai ba: wani wuri ya fi wani zurfi, bakin faifan ya zagaye, ko ya fito da hazo. Faifan da da yake karanta kashi tara cikin goma zai iya dawowa ba ya karanta komai. Idan gem ne, a sayi wani. Idan bikin iyaye ne fa?

DVD ya fi CD sa'a ta wani ɓangaren. Shi fayafayai biyu ne masu kaurin milimita 0.6 aka manne, bayanan suna tsakiya, don haka karce a ɓangaren hoto ba ya kai musu. Sai dai robar da za a iya ci rabin ta CD ce, layukansa kuma sun fi matsewa, ƙaramin karce yana rufe bayanai masu yawa. Blu-ray, wanda gem ɗin PS3 da PS4 da PS5 suke kai, labarinsa daban: bayanansa suna ƙarƙashin rufi mai kaurin milimita 0.1 kacal, da wani shafi mai tauri a sama. Yana da wuyar karcewa, amma in ya karce da zurfi babu abin kankarewa. Duk wanda ya ɗora masa soso mai kaushi irin na CD ya gama da shi.

Inda guga ba ta da amfani ko kaɗan

Gwajin farko ba ya buƙatar ko sisi. A ɗaga faifan CD a saitin ƙwan lantarki ko tocilan ɗin waya, a duba. Idan haske yana ɓullowa ta wasu ɗigo-ɗigo ko ta wani layi, alminiyam ɗin wurin ya tafi, bayanan sun bi shi. Wata dabarar kuma ita ce a kalli karcen ta fuskar ƙasa a ɗan karkace: karcen da ke kan robar ƙasa yakan nuna inuwarsa a madubin da ke ciki, ya zama kamar biyu, wanda ke ɓangaren sama kuwa guda ɗaya ake gani. Mai injin da ya karɓi faifai bai ɗaga shi ya duba haske ba, bai san aikinsa ba, ko kuma kuɗin kawai yake so.

Abin takaici, fayafayan da suka fi daraja su ne suka fi rauni a nan. Bidiyon biki ba a masana'anta ake buga shi ba, a kwamfuta ake ƙona shi a kan CD-R ko DVD-R. Waɗannan ba su da ramuka na gaske. Wani rini ne a ciki, wanda leza take ƙonawa ta bar tabo, tabon ne na'ura take karantawa. Rini kuwa rana da zafi suna kashe shi. Faifan da ya shekara a kan dashbod ɗin mota, ko a jikin taga, ko a ɗakin kwano da ke zama tanda a watan Afrilu, zai iya rasa bayanansa ba tare da ko karce ɗaya ba. A goge shi sau goma, rinin ba zai dawo ba. Haka CD-R ɗin da aka yi wa rubutu da biro aka danna, ko aka manna masa takarda daga baya aka ɓamɓare ta ta taho da azurfar. Wanda saman nasa ya fara ɓarewa ma bai kamata ya kusanci injin mai ruwa ba.

Faifan da ya tsage daga ramin tsakiya shi ma a bar shi. Na'urar kwamfuta mai sauri tana juya CD kusan zagaye dubu goma a minti, kuma tsagaggen faifai yana iya tarwatsewa a ciki ya haɗa da na'urar. In dole sai an karanta shi, a rage saurin zuwa mafi ƙanƙanta.

Akwai kuma wani abu game da VCD da ba kowa ya sani ba, alhali shi ne ya mamaye kasuwar Arewa bayan kaset ɗin bidiyo. An fito da tsarinsa a 1993, kuma don bidiyo mai tsawo ya shiga faifai ɗaya, masu tsarin sun cire mataki ɗaya na lissafin gyaran kuskure. Faifan ajiyar fayil na kwamfuta yana ɗaukar bait 2048 a kowane gida, ya bar sauran wurin ga lissafin kariya. VCD yana cusa bait 2324 a gidan, ya bar kariyar da ta rage kawai. Dalilin da ya sa faifan megabait 700 yake ɗaukar bidiyon da ya kai wajen megabait 800 ke nan. Tunaninsu shi ne in hoto ya ɗan farfashe na daƙiƙa ɗaya ba wanda zai mutu. Wannan farfashewar ce duk wanda ya taso da VCD ya sani. Ma'anarsa a yau ita ce, karcen da faifan fayil zai shanye, a VCD yana fitowa a fuskar amarya. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga masu cewa a goge, kuma gaskiya ce: VCD yana cikin waɗanda suka fi cin moriyar guga mai kyau. Amma ita ce kuma hujjar kada a ba wa ɗan koyo.

Makilin, basilin da ɓawon ayaba

Ba za a yi maganar nan ba a tsallake dabarun gida. Makilin yana da ɗan kaushi, don haka abin da yake yi ƙanin abin da injin yake yi ne: yana lallashe bakin ƙaramin karce. A karce mai zurfi ba ya kai ko'ina, sai dai ya ƙara ɗaruruwan ƙanana, musamman in an murza a zagaye. Basilin da kakin goge mota ba sa cin roba, suna cike ramin ne na ɗan lokaci ta yadda haske zai wuce a miƙe. Wani lokacin hakan yana isa a samu karatu ɗaya, kuma tunda ba ya cin komai, ya fi makilin hankali, muddin an share shi sosai kafin ya fantsama a idon na'ura. Ɓawon ayaba kuwa abin ɗaukar bidiyo ne kawai. Fetur, tina da ruwan cire jan farce suna cinye polikabonet, faifan ya yi fari ko ya tsattsage, kuma daga nan babu komawa. Ruwa da ɗan sabulun wanke-wanke sun isa. Abin mamaki, fayafayai da yawa da ake cewa sun mutu datti ne kawai da sawun yatsa mai maiƙo.

A kwafa kafin a goge

Tsarin da ya dace ya saɓa wa yadda yawancin mutane suke yi. Bayan an wanke faifan ya bushe, kwamfuta za a kai shi, a kwashe duk abin da zai kwasu tun ba a taɓa shi da komai ba. Jawo fayil da linzami a Windows ba shi ne kwafi ba a nan, don da ya ci karo da wuri ɗaya mara kyau zai tsaya ya watsar da aikin. Akwai manhajojin da aka rubuta don wannan. GNU ddrescue, wadda kyauta ce a Linux, tana kwashe wuraren da suke da lafiya tukuna, ta rubuta taswirar inda ta kasa, sannan ta dawo tana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ta dace da DVD da faifan fayil. IsoBuster a Windows tana da irin wannan tsarin, kuma tana iya ciro bidiyon VCD, wanda yake zaune a jakar MPEGAV da suna irin AVSEQ01.DAT. Faifan waƙa kuma Exact Audio Copy ko cdparanoia, waɗanda suke maimaita karatun wuri har su gamsu.

Amfanin taswirar nan shi ne ba a farawa daga farko. A cire faifan a saka a wata na'urar, manhajar ta ci gaba daga inda ta tsaya, tana neman guraben da suka rage kawai. Na'urori ba ɗaya suke ba, abin da wannan ta kasa wata takan karanta shi cikin sauƙi, rage sauri ma yana taimakawa. Idan kuma an yi sa'a wata gwaggo tana da nata kwafin da aka ƙona daga tushe ɗaya, karcen nata ba zai faɗa daidai inda na wannan ya faɗa ba, sai a haɗa biyun a fitar da cikakke.

Sai bayan duk wannan, in har akwai sauran gurabe, kuma gwajin haske ya nuna karcen a ƙasa yake, sannan maganar inji ta taso. A lokacin kuwa babu fargaba: kashi casa'in da wani abu yana ajiye a kwamfuta, ko guga ta ɓata faifan ba a koma gidan jiya ba. A fara da mataki mafi laushi, a gwada karatu, in bai isa ba a ƙara. Ba a neman faifan ya koma sabo, ana neman ya karantu sau ɗaya ne. Karcen da aka lallashe bakinsa, ko da ido yana ganinsa, sau da yawa ya isa.

Wani zai ce wannan duk wahala ce, a goge faifai a ci gaba da kallo a DVD kamar da, me ya yi zafi? Abin da ya yi zafi shi ne na'urar karantawar tana ƙarewa da sauri fiye da faifan. Tun 2008 Apple ya fito da MacBook Air ba wurin saka faifai, yau kuma da wuya a ga sabuwar laftof mai shi. A farkon 2025 Sony, wanda da shi aka ƙirƙiro CD, ya daina yin fayafayan Blu-ray na ɗauka. DVD ɗin falo idonsa yana raunana da shekaru, masu gyaransa kuma sun koma gyaran waya. Na'urar karanta faifai mai igiyar USB tana samuwa yanzu a kuɗi kaɗan, amma ba wanda zai yi alkawarin haka nan da shekara goma. Faifai mai ƙyalli da babu abin karanta shi, marufin kofi ne.

Wurin ajiya kuma ba shi ne matsala ba. Memori mai gigabait 32 zai ɗauki VCD wajen arba'in. Sai dai memori da filash ba wurin ajiyar dindindin ba ne, suna mutuwa ba sallama, ga jabu sun cika kasuwa. A ajiye a wuri fiye da ɗaya: kwamfuta, hadis na waje, da intanet, inda Google yake ba da gigabait 15 kyauta. A tura wa 'yan uwa ma, amma a matsayin fayil, don in aka tura a matsayin bidiyo WhatsApp zai matse shi, hoton VCD kuma dama 352 ne a 288, ba shi da abin da zai rage. Faifan kansa kada a yar. A saka shi a gidansa, a tsaye, nesa da rana.

Saura masu tunanin sayen injin don sana'a. Injin shi kaɗai ba sana'a ba ne a yanzu. Shagunan haya da suka riƙe shi a ƙasashen waje sun rurrufe, a Arewa kuma masu turi sun daɗe da karɓe kasuwar fim daga hannun masu faifai. Ba wanda zai biya kuɗin guga don fim ɗin da zai samu a waya da kuɗin shan ruwa. Masu gem na hannu za su biya, amma a nan akwai wata ɓarna: faifan da aka goge sau uku yana ƙyalli kamar wanda bai taɓa fita daga kwali ba, mai saye ba zai san saura ƙiris ya mutu ba. Wanda ya goge ya sayar, ya kamata ya faɗa.

Sana'ar da take da gaba ita ce ta ceto: mutum ya kawo jakar fayafayan gidansu, ya koma da filash. Wannan yana buƙatar kwamfuta, na'urorin karatu biyu ko uku na kamfanoni daban-daban, manhajojin da aka ambata, haƙurin barin faifai ɗaya ya kwana yana karantuwa, da amanar riƙe bidiyon iyalin mutane ba tare da ya ɓulla a wayar wani ba. Injin guga yana zuwa ne a ƙarshen jerin, kuma matashin da ke da shagon turi ko gyaran waya zai iya farawa ba tare da shi ba, ya saya daga baya in fayafayan da suka gagara sun taru. Kuɗin aikin ma a kan abin da aka ciro ya kamata a yanke shi, minti nawa na bidiyon ya fito lafiya. Shi kuma mai faifai, in ya shiga shago ya ga inji amma bai ga kwamfuta mai karanta faifai a gefensa ba, ya mayar da faifansa jaka ya nemi wani wurin.